Birnin da Ganuwarsa ke Tafiya

Rabi 'Yar Kwarbai: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Gyara nake nema. Wata uku ke nan ina fama da wani labari, garin da ke ciki daga kaina na ƙago shi, ba Zazzau ba ce ba Kano ba. Ga yadda na buɗe shi. Duk wanda ya hango ɓaraka ya faɗa, ba na fushi.

"Birnin Takuɗaya yana zaune tsakanin duwatsu bakwai. Ƙofofinsa goma sha biyu, kowace da ƙyauren zinariya, in rana ta fito matafiyi kan kare idonsa tun yana tafiyar yini da garin. Da lu'ulu'u aka daɓe fadar sarki. Ba mai kwana da yunwa, ba ɓarawo, ba mai bin wani bashi. Ganuwarsa ta jar ƙasa ce, kuma duk shekara, daren da ruwan farko ya sauka, sai ta yi taku ɗaya zuwa waje, daga nan garin ya samo sunansa. Sarkinsu adali ne, shekararsa ɗari uku a kan gado."

Bala Mai Shayi: Wa alaikumus salam. Garin da ba mai bin wani bashi? Rabi don Allah a yanka mini fili a can. Littafin bashin teburina ya cika, yanzu a jikin kwalin madara nake rubutawa.

Bala Mai Shayi: Sannan ƙyauren zinariya har goma sha biyu. Ciro ɗaya ki kafa a Ƙofar Doka da magariba mu ga ko zai kai asuba. Ko ƙusa ba za a tarar ba.

Rabi 'Yar Kwarbai: Yaya Bala ai na ce babu ɓarawo a garin.

Bala Mai Shayi: Shi ya sa ban yarda da garin ba.

Anti Hajara: Rabi ƙanwata, alƙalaminki yana da daɗi, amma tambaya gare ni. Mutanen nan ina suke samun ruwan sha? Na karanta sau biyu, na ga zinariya, na ga lu'ulu'u, ban ga rijiya ko ɗaya ba. Kin ɗora gari tsakanin duwatsu kin manta da kogi, ke da kike zaune a Zariya! Mu nan Tudun Jukun famfon tsakar gidanmu har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, autana ya ɗauka maratayin tsumma ne. Kullum da asuba kunnena yana kan ƙarar kurar mai ruwa. Da na ji jarkoki suna gwaruwa a lungu sai in zari mayafi, don in kika yi nawa maƙwabta sun tare shi tun daga bakin layi. Ranar sunan ɗan ƙanwata da ruwan leda muka ƙarasa dafa shinkafa. To faɗa mini wa ke ɗebo wa matan Takuɗaya ruwa, nawa ne tulu, kuma in rani ya tsananta wace unguwa ake fara hanawa.

Anti Hajara: Na biyu, a yi mini afuwa, ina suke zagayawa? Mahaifinmu duba-gari ne, Allah ya jiƙansa. Yana ba mu labarin yadda in ya shigo unguwa yara kan ruga gida suna "ga duba-gari nan", mata su hau kifar da tsohon ruwan kaskon kaji. Shi kuwa randa yake fara dosa, ya ɗage faifai ya sa ludayi ya kamfato ya kai wajen haske, in ya ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil sai sammaci. Daga nan ya leƙa masai. Ba a son ganinsa, amma ya ce shekarar da aka daina jin tsoronsa a shekarar kwata ta fara tsayawa a ƙofar gidaje. Garinki yana da irinsa?

Rabi 'Yar Kwarbai: Anti wallahi ko a mafarki ban kawo maganar masai ba. Ni fa labarin soyayya da yaƙi na nufa.

Anti Hajara: Masoyan ma ai suna zagayawa.

Malam Tanimu Tudun Wada: Salamu alaikum. Na ga waya tana ta ƙara na ce bari in leƙo. 'Yata Rabi, Hajara ta yi miki gata. Ki fita ki zaga cikin garinku da ƙafa, ki dubi kududdufan da suka rage. Ba haka kawai suke ba. Ƙasar da aka yi tubali da ita, aka gina soraye da zauruka da ita kanta ganuwa, daga nan aka haƙo ta. Ramin da ya rage shi ke tare ruwan damina, a shayar da dabbobi, a kwaɓa ƙasar yaɓe, ruwan unguwa ya sami wurin gangarawa. Yau an cike da yawansu da shara an yi gini a kai, sai ruwa ya rasa gidansa ya shigo namu. Saboda haka in kin ce ganuwarki ta jar ƙasa ce, to kin riga kin haƙa ramuka a garin ko kin sani ko ba ki sani ba. Ki sa musu suna, ki sa kwaɗi, ki sa yaron da ya taɓa nutsewa a ɗaya har uwaye suke tsorata 'ya'yansu da shi.

Kuma magabata ba gidaje kaɗai suke kewayewa da ganuwa ba. Sukan bar fili da gonaki da fadama a ciki, don in abokan gaba sun yi wa gari zobe a sami abin ci, mutanen ƙauyuka kuma su sami inda za su fake da dabbobinsu. Ƙyauren ƙofa kuwa itace ne mai kauri da aka ɗaure da ƙarfe, ana rufewa da dare, kowace ƙofa da mai tsaronta. Zinariya taushi gare ta, ba ta tare mashi.

Rabi 'Yar Kwarbai: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ina rubutawa.

Injiniya Sadiƙ Samaru: Ku gafarce ni, duk kun tsallake wurin da naman yake. Rabi, jimla ɗaya ce a rubutunki ban taɓa jin irinta ba, ke kuma kin jefar da ita kamar ɓawon gyaɗa kin koma kan lu'ulu'u. Ganuwa mai tafiya! Tun da na karanta na ɗauko biro. Mu ɗauka garin kewayayye ne kamar faifai. In ganuwa ta matsa waje taku ɗaya ta kowane gefe, tsawonta gaba ɗaya zai ƙaru da taku shida da ɗan ɗoriya. Wannan lissafi ba ruwansa da girman gari, ƙarami ne ko babba amsar ɗaya ce. Ma'ana, kowace shekara washegarin ruwan farko za a wayi gari ganuwa ta tsage, in an haɗa tsagogin za su kai taku shida. Wa zai cike su? Wa zai haƙo ƙasa, wa zai kawo ruwa, wa zai taka, wa zai ciyar da masu aikin? Kuma a farkon damina, lokacin da kowa ke son ya ruga gona ya yi shuka.

Bala Mai Shayi: Tabɗi. Injiniya ya kai aljanu ajin lissafi.

Injiniya Sadiƙ Samaru: Ban gama ba. Takun babban mutum bai cika mita ɗaya ba. A shekara 100 ganuwar ba ta yi mita 100 ba. Wanda ya gina gida nesa da ita da tafiyar minti goma sha biyar sai zuri'arsa ta jira fiye da shekara 1,000 kafin ta iso su. Amma wanda ke taku ashirin daga gindinta zai shiga gari yana raye. Kin ga filin da ke jikin ganuwa ta waje ya fi zinariyarki tsada.

Ɗan Layin Dogo: Tun ɗazu ina karantawa ban ce komai ba, amma nan an taɓo ni. Rabi, wanda ganuwa ta haɗiye gidansa, ya zama ɗan gari ko bai zama ba? Ki amsa wannan kafin komai. Kakana aikin jirgin ƙasa ya kawo shi daga kudu, bayan layin da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Turawa suka ce irinsu su zauna Sabon Gari, baƙin da suka zo daga wasu garuruwan Arewa su zauna Tudun Wada, birni na 'yan birni. A nan aka haifi babana, a nan aka haife ni, a nan aka binne su biyun. Hausa nake mafarki da ita. In na je garin da ake cewa namu ne sai an yi mini tafinta. Amma da na je neman takardar shaidar ɗan ƙasa don ɗiyata, wani yaro da bai kai ƙanena ba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To amma asali daga ina kuke?" Na ce daga bayan tasha. Bai yi dariya ba. Mu tamu ganuwar ba ta taɓa yin taku ko ɗaya ba. Kubanni ce kawai tsakaninmu da Tudun Wada, amma wani lokaci sai ka ga kamar teku.

Shehu Ƙofar Kuyambana: Yayana Ɗan Layin Dogo, abin da aka yi maka bai yi daɗi ba, kuma ba zan kare shi ba. Amma kada a shafa wa birni baƙin fentin da ba shi ya kwaɓa ba. Kai da bakinka ka ce Turawa suka yi wannan rabo, su da suka shigo a 1902. Zazzau kuwa ka dubi sunayen gidajen sarautarta kawai: Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa. Sunan ma yana faɗa maka daga wani wuri aka zo. Malam Musa ya zo da tuta, Yamusa jinin Barno ne, Abdulkarim na Katsinawa, kuma a zamaninsa Babban Gwani ya gina masallacin Juma'ar da har yau masu karatun gine-gine ke zuwa kallon bakan gizonsa. Su kuwa waɗanda aka tarar, sarkinsu Makau ya fita da jama'arsa ya nufi Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda yau ake kira Suleja. Garin da na ciki suka koma waje, na waje suka hau gado, ba za a ce bai san baƙo ba.

Ɗan Layin Dogo: Shehu, baƙon da ya zo da tuta daban, wanda ya zo da shebur daban.

Shehu Ƙofar Kuyambana: Wannan kuma gaskiya ce, ba ni da ta cewa.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a yi hattara, labarin Rabi muke gyarawa. Kada a kai mu inda za a fara fita daga zaure ɗaya bayan ɗaya kamar wancan karon.

Ɗan Layin Dogo: Ranka ya daɗe ai ban bar labarin ba. Shawara nake ba ta. Rabi, tsagar nan ta taku shida da Injiniya ya lissafa, ki ba mutanen waje aikin cike ta. Su ne za su yarda su yi a kyauta, domin an gaya musu in ba a cike ba ganuwa ba za ta sake motsi baɗi ba. Mutum yana yaɓe bangon da ya tsare shi a waje, yana yi yana addu'a ya ƙara ƙarfi, don wata rana ya zo ya haɗiye jikansa. In kin rubuta wannan zan sayi kwafi goma.

Rabi 'Yar Kwarbai: Innalillahi. Yaya, tsigar jikina ta tashi. Wallahi ni da na rubuta jimlar ban ga wannan a cikinta ba.

Ustaz Nura Gyallesu: Assalamu alaikum warahmatullah. Ban zo ɓata wasa ba, amma akwai abin lura. Wa ke tafiyar da ganuwar? In za a ce wani aljani ne ko tsafi da ake yi wa yanka, kuma a nuna abin a matsayin alheri, to yara za su karanta, a kiyaye. Haka sarkin da ya shekara ɗari uku. Ba na son mu saba wa zukatan yara da jingina iko ga wanin Allah.

Malam Tanimu Tudun Wada: Malam Nura, Allah ya saka da alheri, tunatarwa ce mai kyau. Sai dai mu tuna mun tashi kakanninmu suna cewa "ga ta nan ga ta nanku", mu ce "ta zo mu ji ta", a kawo mana Gizo da Ƙoƙi da Dodo mai cin mutane, a rufe da "ƙurunƙus". Ba wanda ya tashi yana bauta wa Gizo. Yaro ya san inda tatsuniya ta fara da inda ta ƙare. Ƙagen gari ma ba yau Bahaushe ya fara ba, 'yan bori suna da nasu birnin na iskoki da suke kira Jangare, da sarkinsa da fadawansa da gidaje-gidaje. Wancan kam da imani suke faɗarsa, shi ya sa malamai suka yaƙe shi. Na Rabi kowa ya san ƙage ne. Shawarata kada ta faɗi abin da ke motsa ganuwar sam. Mutanen garin su ma su yi ta gardama a kai: malamansu su ce ikon Allah ne, tsofaffin mata su ce wata baiwa aka binne a gindinta tana neman hanyar gida, masu gini su ce ƙasar ce ke kumbura in ta sha ruwa.

Ustaz Nura Gyallesu: In haka ne ba ni da ja, Baba. Amma tunda an ce gari, to a sa masa alƙali. Domin ina hango shari'u. Mutum yana da gona a waje, ganuwa ta bi ta kanta ta raba ta biyu. Rabin ciki hukuncin filin birni, rabin waje hukuncin gona. In ya rasu ya za a raba gado? Maƙabartar da ke waje shekara hamsin da suka wuce yanzu tana tsakiyar unguwa. Majema da aka kai bayan gari saboda wari, ga su sun zama maƙwabtan masu kuɗi. Za a tashe su ne, ko sun riga kowa zama? Alƙalin garin nan ba zai yi ƙiba ba.

Maman Walid: Ni duk ba wannan ba. Gidan da ganuwa ta zo daidai kansa fa? Rushe shi take yi?

Rabi 'Yar Kwarbai: A raina na ɗauka ratsawa take yi kamar hayaƙi, ba ta fasa komai. A kwanta tana gaban ɗaki, a tashi tana bayansa.

Maman Walid: To shi ke nan, ga labari. Mutum da mata biyu. Ɗakin amarya yana gaba, na uwargida yana ƙurya, kamar yadda maza suka saba yi mana. Daren taku ya zo, aka wayi gari ganuwa ta ratsa tsakar gida, ɗakin amarya a cikin birni, na uwargida a waje. Amarya ta zama 'yar gari, 'ya'yanta 'yan gari. Uwargida da ta shekara ashirin tana daka a gidan, ita da ta sayar da awakinta aka sayi filin, sai ta jira shekara huɗu ko biyar kafin ganuwa ta ƙaraso ɗakinta. Murhu yana ciki, rijiya tana waje. Maigida ranar girkin uwargida sai ya zaga ta ƙofar gari, in an rufe ƙofa da dare ya makara shi ke nan kwananta ya tafi, kuma ba ta da wanda za ta kai ƙara. Ni dai in ni ce, amarya ba ta ga ɗigon ruwan rijiyar nan ba sai ta biya.

Anti Hajara: Maman Walid kin kashe ni! Ga maganar ruwa ta dawo.

Bala Mai Shayi: Ni tausayin maigidan nake ji. Kullum da fitila yana zaga gari.

Maman Walid: Ai kai dama.

Shehu Ƙofar Kuyambana: Mu dawo kan sarki. Rabi, sarkin shekara ɗari uku ya kashe miki rabin labari. Ina 'ya'yan sarki za su kai burinsu? Mu nan Marigayi Shehu Idris shekara 45 ya yi, daga 1975 zuwa 2020, akasarinmu ba mu san wani sarki ba sai shi. Kin tuna yadda garin nan ya koma bayan rasuwarsa a watan Satumba? Teburin mai shayi, majalisar bakin titi, gidan biki, cikin Keke, ba wata magana sai wa zai hau. Tsofaffi suna ta lissafin gidaje, ana cewa rabon Mallawa da gado tun Alu Ɗan Sidi da Turawa suka sauke a 1920. Da aka sanar da Ahmed Nuhu Bamalli a watan Oktoba, shekara 100 ke nan cif. Wannan jira da lissafi da raɗe-raɗin shi ne jinin sarauta. Sarkin da ba ya mutuwa dutse ne kawai aka naɗa wa rawani.

Bala Mai Shayi: Makonnin nan na sayar da shayi kamar ba gobe. Mutum ya sha kofi uku bai sani ba yana gardama.

Shehu Ƙofar Kuyambana: Sannan ki yi masu zaɓen sarki. A Zazzau biyar ne: Waziri, Fagaci, Makama Ƙarami, Limamin Juma'a da Limamin Kona. Kin ga malamai biyu a ciki. Naki garin ki duba wa ke riƙe da abin da kowa ke tsoro, shi za ki ba kujera.

Injiniya Sadiƙ Samaru: To ai a Takuɗaya wanda kowa ke tsoro shi ne mai awo. Dole a sami wanda washegarin taku zai fito da igiya ya auna, ya ce ɗakin wane ya shiga, na wane saura ɗani ɗaya. In bango ya tsaya a tsakiyar gado fa, mai gadon ɗan ina ne? Shi zai faɗa. Wannan mutum ya fi Waziri samun gaisuwa. Kuma tsawon igiya yana sauyawa in ta jiƙe, ga shi da damina ake awon.

Rabi 'Yar Kwarbai: Sarkin Igiya! Na sa masa suna. Kuma gadon gidansu ne, igiyar tana cikin wani tulu ba mai taɓa ta sai shi.

Anti Hajara: Ki sa mace a masu zaɓen. Kada ki ba ni garin da mata ba su da aiki sai leƙe ta taga suna jiran jarumi. Ƙasar da har yau in an ga tsohuwar ganuwa ake cewa ganuwar Amina, ba a kawo mana wannan ba.

Malam Tanimu Tudun Wada: Hajara ta yi daidai. A Zazzau ta zamanin Haɓe, Iya da Sarauniya sarautun mata ne. Ki ba wata dattijuwa riƙon rijiyoyin gari da kududdufai, kowace unguwa da wakiliyarta. Sarki yana da dawaki, ita tana da guga. Ranar da suka saɓa sai a ga wanda gari zai bi. Kuma kada ki manta da ƙananan sarautu, don su talaka ke gani kullum: Sarkin Pawa, Sarkin Kasuwa, Sarkin Makafi, mai unguwa, sanƙiran da ke yawo yana shela. Mutum zai iya shekara bai ga sarki ba sai a hawan salla, amma mai karɓar kuɗin rumfa duk ranar kasuwa yana kansa.

Shehu Ƙofar Kuyambana: Akwai kuma abin da ba a taɓo ba. Tsofaffin gidajen cikin gari ba za su so ganuwar ta ci gaba da tafiya ba. Duk taku ɗaya sabbin 'yan gari ne, masu neman rumfa a kasuwa, masu neman auren 'ya'yansu, masu cewa su ma a ba su sarauta. Na san halinmu. Za a sami masu fita da dare suna kafa turaku a bayanta ta gefen majema da masu shebur, su bar ta ta tafi ta gefen fadama inda suka riga suka sayi filaye.

Ɗan Layin Dogo: Shehu yau kai ne da faɗin haka? Allah ya biya ka.

Injiniya Sadiƙ Samaru: In an yi haka garin ya daina zama faifai, ya koma kamar ƙwarya da aka zauna a kai. Lissafina na taku shida ya rushe ke nan, sai na sake.

Rabi 'Yar Kwarbai: Jama'a ban yi barci ba jiya. Na zubar da zinariya da lu'ulu'u, na rage ƙofofi zuwa bakwai, sarki ya tsufa yana tari kuma 'ya'yansa ba sa ga maciji. Ga sabon buɗewar:

"Tun la'asar hadari ya haɗu ta gabas, kuma duk Bayan Ganuwa ba wanda ya ɗora tukunya. Inna Dije ta fito da tabarma ta shimfiɗa a tsakar gida, ta zauna tana fuskantar jan bangon da ya tsaya tsakanin murhunta da rijiyarta shekara uku ke nan. Ta san adadin tsagoginsa kamar yadda ta san haƙoran bakinta, don da hannunta ta cike huɗu daga ciki. Ta can ɗaya gefen tana jin amarya tana kwashe shanya tana 'yar waƙa. Bara Sarkin Igiya ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya auna, ya sake aunawa, ya dubi hannunta ya ga ba komai, ya ce saura ɗani biyu. Bana ta sayar da tunkiya. Kuɗin suna ƙulle a bakin zanenta, kuma tun da iska ta fara kaɗawa take taɓa ƙullin tana saki. Ɗigon farko ya faɗo mata a goshi. Daga can fada aka buga tambari sau ɗaya, garin ya yi tsit, har karnuka. Sai ta ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin tabarma."

Maman Walid: Wayyo Inna Dije. Rabi in kika bar matar nan a waje bana ni da ke ne.

Ustaz Nura Gyallesu: Rubutu ya yi kyau, tabarakallah. Sai dai cin hanci take shirin bayarwa fa. Ina fata za a nuna ƙarshensa.

Anti Hajara: Malam a bar ta ta shiga tukuna, a yi mata wa'azin daga ciki.

Malam Tanimu Tudun Wada: 'Yata, yanzu na ji ƙamshin ƙasa. Gyara ɗaya: tambari ba a buga shi haka kawai, na sarki ne, sai da dalili babba. Ki nuna tun farko cewa a shekara sau ɗaya ake jin sa a garin, sai kuwa ranar da sarki ya rasu. In kin yi haka, duk daren taku mutane za su riƙa kasa kunne su ji ko bugu ɗaya ne ko zai zarce.

Rabi 'Yar Kwarbai: Baba kun ba ni ƙarshen babi na biyar ba ku sani ba.

Ɗan Layin Dogo: Rabi, tambayata ta farko har yanzu ba ki amsa ba. In ganuwa ta wuce ɗakinta, Sarkin Igiya ya karɓi kuɗin tunkiya ya ce ta shiga, washegari in ta je kasuwa me za a kira ta? 'Yar gari, ko Dije ta Bayan Ganuwa?

Rabi 'Yar Kwarbai: Yaya, na rubuta amsar sau uku ina gogewa. Ka ba ni zuwa Juma'a.

Bala Mai Shayi: Kafin Juma'ar a duba mini maganar filina. Ta waje nake so yanzu, taku biyar daga bango, gefen da ba a kafa turaku ba.